Kurakuran da ke sa aiki mai gaggawa ya makara a RTOS

A watan Yulin 1997 na'urar Pathfinder ta sauka a duniyar Mars. Ba a jima ba kwamfutarta, mai aiki da tsarin VxWorks (wani RTOS, wato tsarin da ke raba wa ayyuka firosesa don kowanne ya gama cikin wa'adinsa), ta shiga mutuwa tana tashi da kanta. Da injiniyoyin JPL, cibiyar NASA da ta ƙera na'urar, suka bi diddigi, sai suka tarar wani ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi ya riƙe makulli (abin da ke hana ayyuka biyu taɓa bayanai ɗaya a lokaci guda), aikin rarraba bayanai kuwa, wanda ya fi shi matsayi nesa ba kusa ba, yana tsaye yana jiran makullin. Kafin ƙaramin ya saki, ayyuka masu matsakaicin matsayi suka ƙwace firosesa. Babba na jiran ƙarami, ƙarami an hana shi motsi, har wa'adi ya wuce, sai kwamfutar ta kashe kanta ta sake tashi. Gyaran da aka aika daga nan Duniya shi ne kunna gadon matsayi: muddin ƙarami na riƙe da makullin da babba ke jira, sai a ara masa matsayin babban har ya gama ya saki.

Abin da ke damuna shi ne har gobe ana maimaita wannan kuskure a FreeRTOS, wani RTOS na ƙananan na'urori. Mutum zai kare bayanan da ayyuka biyu ke taɓawa da xSemaphoreCreateBinary, alhali ba ta da gadon matsayi. xSemaphoreCreateMutex ce ke da shi. Ta farkon amfaninta sanar da wani aiki cewa abu ya faru, ta biyun ita ce makulli. Ko da ka ɗauki wadda ta dace, kada ka riƙe ta kana jiran saƙo ko kana rubutu a UART (layin aika bayanai waje bi da bi), domin duk daɗewar da ka yi, babban aikin ne ke biya. In makullai biyu ne, kowane aiki ya bi tsari ɗaya wajen ɗaukarsu, in ba haka ba wata rana za su cije, kowa na jiran kowa.

Sai rabon matsayi. Da yawa suna ɗora aikin da suke ganin ya fi daraja a sama. Tun 1973 Liu da Layland suka nuna cewa ga ayyuka masu maimaituwa, wanda ya fi saurin dawowa shi ya cancanci sama. Lissafinsu ya ba da tabbacin cika wa'adi idan nauyin firosesa bai haura kusan kashi 69 cikin 100 ba, komai yawan ayyukan. Amma a lura, ayyukan da ba sa jiran juna suke nufi. Da zarar makulli ya shigo, dole ka ƙara lokacin jira a lissafinka.

A cikin hidimar katsewa kuwa (ISR, ɗan aikin da firosesa ke katse komai ya yi idan wata na'ura ta kira shi) ba a jira, ba a ɗaukar makulli. Yi amfani da xQueueSendFromISR, ka biyo da portYIELD_FROM_ISR don aikin da aka tayar ya karɓa nan take, nauyin aikin kuma ka bar masa.

Layin saƙo (queue), wanda ayyuka ke aika wa juna bayanai ta cikinsa, kwafar abin da ka tura yake yi. Idan adireshi ka tura, adireshin kawai ya kwafa, kuma in abin yana cikin ma'ajiyar wucin gadi ta wani function da ya riga ya gama ya koma, mai karɓa shara zai karanta.

Haka vTaskDelay, mai sa aiki ya dakata na ɗan lokaci: ka ce jira milisakan 10, aikinka ya ci 3, zagayen ya zama 13. Maimakon awo 100 a daƙiƙa sai ka samu kusan 77. vTaskDelayUntil ce ke ƙirga daga lokacin tashin da ya gabata.

Masu Pathfinder sun ga matsalarsu tun kafin sauka, amma ta ƙi maimaituwa da suka neme ta. Abin da ya cece su daga baya shi ne sun bar na'urar bin sawun ayyuka a cikin manhajar, da ita suka kama matsalar a ɗakin gwaji. Saboda haka in na'urarka ta mutu ta tashi ko sau ɗaya ne lokacin gwaji, kada ka ɗora wa wuta laifi ka wuce. Kunna bin sawu, ka ƙara mata nauyi fiye da wanda kake tsammani, ka bar ta ta kwana tana aiki har ta sake yi.