Idan Zaren Ƙasa Ya Rikice: Gyaran Kwarkwaro da Ƙoshiya a Keken Ɗinki

Da zarar tela ya juya yadi ya ga zare ya cukurkuɗe a ƙasa, sai hannunsa ya tafi kan sukundireba, ya ciro ƙoshiya, wato gidan ƙarfen da kwarkwaro ke zama a ciki, ya hau murɗa ɗan sukurun jikinta. Nan ake ɓata abin da lafiyarsa ƙalau. Zaren da ke taruwa a ƙasan yadi galibi na sama ne, ya sauka ya kasa komowa. Saboda haka sukurun ƙoshiya shi ne abu na ƙarshe da za ka taɓa, ko baƙin Butterfly na ƙafa kake takawa, ko Juki mai mota.

Fara da gano mai laifi. Sa jan zare a sama, fari a kwarkwaro, wato ɗan ƙarfen da ake naɗa zaren ƙasa a kai, ka ninka ƙyallen yadin da kake aiki a kai gida biyu, ka ɗinka kamar taƙi ɗaya. Idan ja ne ya yi kunne-kunne a ƙasa, matsalar tana sama. Idan fari ya riƙa leƙowa ɗigo-ɗigo a fuskar yadi, to ko dai na sama ya yi tsauri, ko na ƙasa ya yi sako-sako. Ɗinki mai kyau, ƙullinsa a tsakiyar yadi yake ɓuya, ba ka ganin ja a ƙasa, ba ka ganin fari a sama.

Dalilin kuwa yana cikin yadda keke ke ƙulla zare. Allura ta sauka, tana fara tasowa sai zare ya yi ɗan kunne a gefenta, ƙugiyar da ke ƙarƙashin allura ta cafke shi ta zagaya da shi ta bayan ƙoshiya, sannan sandar nan mai hawa da sauka a goshin keke ta ja shi sama ya ɗaure. Idan faifan tenshan, wato faifai biyun da ke matse zaren sama, bai riƙe zaren ba, sandar sai ta jawo sabon zare daga dunƙulen da ke bisa keke, domin shi ya fi sauƙin ja, ta bar wancan kunnen a ƙasa. Ɗinki goma, kunne goma, sai keke ya cije.

Cire zaren sama gaba ɗaya ka sake sakawa, amma ƙafar danne yadi tana ɗage. Ɗaga ƙafar ne ke buɗe bakin faifan nan biyu. Wanda ya saka zare ƙafa tana ƙasa, zaren a bakin faifai ya kwanta, bai shiga ba. Ka tabbata ya bi ta ɗan sifirin da ke gefen tenshan, ya kuma shiga hujin sandar. Yanzu sauke ƙafa ka ja zaren: in ka ji ya yi nauyi, ya zauna, in yana zuwa salin-alin, ninka tsumma mai tsabta ka zura gefensa tsakanin faifan ka goge, sau da yawa guntun zare ne ya maƙale a ciki. Kuma duk lokacin da za ka fara ɗinki, bar wutsiyar zare biyu kamar santimita 10, ka danne su da yatsa ta baya har allura ta yi uku ko huɗu. Rashin yin haka ne ke jawo cukurkuɗewar farkon layi.

Sai an gama da sama ake sauka ƙasa.

Kwarkwaro ba duka ɗaya ba ne, ko da ido ya ce ɗaya ne. Na Butterfly da ire-irensa faɗinsa kusan milimita 20, tsayinsa ya ɗan haura 11. Na kekunan mota irin Juki DDL faɗin kusan ɗaya ne, amma ya fi gajarta, wajen milimita 9. Gajeren zai shiga ƙoshiyar baƙin keke, sai dai yana wasa a ciki, zare ya riƙa zuwa da tsauri nan, sako-sako can. A shagon da ake da keke iri biyu, kuma kwarkwaro duk a gwangwani ɗaya, wannan kullum ne. In za ka saya a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, tafi da tsohon a aljihu ka gwada su baki da baki. Wanda ya taɓa faɗuwa aka taka, mirgina shi a kan tebur. In yana ɗingishi, ko bakinsa ya yi kaifi, jefar da shi, bai kai kuɗin yadin da zai ɓata ba.

Naɗin zare ma yana da nasa. Kada ka cika shi fal, bar shi kamar kashi 80 cikin 100, ya zama bakin ƙarfen ya fi zaren tsawo. Danna shi da farce: naɗi mai kyau yana da tauri, wanda ya lotsa kuwa zaren bai bi ta ɗan faifan naɗi ba, kuma zai nutse cikin kansa ya tsinke. Idan zare yana taruwa gefe ɗaya, sassauta sukurun ɗan faifan ka gusa shi wajen gefen da ke ƙaranci. Idan na'urar naɗin tana juyi tana tsayawa, robar da ke gogar wili ce ta cinye ko mai ya taɓa ta. Ɗabi'ar naɗa sabon launi a kan ragowar tsoho, wadda ake yawan yi cikin azumi lokacin da ɗinkin salla ya taru, ita ma a bar ta: wutsiyar na ciki kan leƙo ta harɗe na waje.

Wajen sa shi a ƙoshiya, zaren ya kamata ya yi kwana ya koma baya kafin ya shiga tsagar, sannan ya wuce ƙarƙashin lebatu, wato siririn ƙarfen jikin ƙoshiya mai danne zare. A Butterfly da Juki, in kana kallon kwarkwaron ka ja zare, zai juya yadda hannun agogo ke tafiya. Tura ƙoshiya har ka ji ta ce ƙas. Wadda ba ta zauna ba ita ke karya allura. Kekunan mota kuma suna da wata matsala tasu: ka tsaya cak, kwarkwaro ya ci gaba da juyawa, zare ya warware a ciki. Akwai ƙoshiya mai siririn sifirin a gindinta don hana wannan. In naka ya kwanta ko ya ɓace, sauya ƙoshiyar.

Ƙura kuwa, wanda ke ɗinki a Kano ba sai an gaya masa ba. Ta hunturu tana haɗuwa da gashin yadi da garin sitacin shadda da mai, su zama wani abu kamar dambu a ƙarƙashin farantin allura. Kwance sukuru biyun farantin, share tsakanin haƙora da tsohon buroshin goge baki. A baƙin keke, buɗe zoben da ke riƙe ƙugiya, ciro ta, goge hanyar da take kai-komo, ka ɗiga mai ɗigo ɗaya tak. Farin man keke ake nufi. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo, baƙin man mota kuma ya yi kauri, ga ɓata farar shadda. In an riga an sa, wanke da kananzir, a bari ya bushe, a sa na kirki. Kada ka hura da baki, danshi kake sa wa ƙarfe, ƙurar kuma ciki take ƙara shigewa. Mai aiki kullum ya share duk mako. Cikin hunturu, duk kwana biyu ko uku. Sannan zura bakin siririyar takarda ƙarƙashin lebatun ƙoshiya. Ɗan gashin da ba ya ko ganuwa yana ɗage lebatun, zare ya zama babu riƙo, mutum ya yi ta ɗaure sukuru a banza.

To, yanzu ne za ka iya gwada ƙoshiyar. Riƙe wutsiyar zare, ka bar ta tana reto. Bai kamata ta zube da kanta ba; in ka ɗan girgiza hannu, ta sauka kamar santimita 2 zuwa 5 ta tsaya. In ta sulale har ƙasa, ɗaure. In ta ƙi motsi, sassauta. A ƙoshiya mai sukuru biyu, na ƙarshen lebatu riƙe shi kawai yake yi, na wajen tsakiya shi ne na saiti. Dama ɗaurewa, hagu sassautawa, kuma kada ka wuce kwatan juyi kafin ka sake gwadawa. Yi aikin a kan faranti ko farin ƙyalle, don sukurun gajere ne ƙwarai, in ya faɗi cikin tarkacen ƙasan shago ya tafi ke nan. Mai yawan sauyawa tsakanin mayafi mara nauyi da yadi mai kauri, gara ya ajiye ƙoshiya biyu, kowace da saitinta, ya sa wa ɗaya alama.

Idan allura ta ƙi ɗauko zaren ƙasa, ko tana tsallake, sauya ta tukuna. Baƙin keke allura samfurin HAx1 yake ci, mai gindi da gefe ɗaya a shafe. Juki DDL kuwa DBx1, mai gindi zagayayye. Tura ta sama har ta tuƙe, dogon tsagin jikinta yana kallon hagu, gefen da zare ke shiga. Lamba 14 ta ishi atamfa da shadda, 11 ga mayafi, 16 ko 18 ga mai kauri. Zare yana tsinkewa a kai a kai kuma bakinsa a tsattsage? Shafa farce a bakin ƙugiya da hujin faranti, za ka ji inda allura ta taɓa sara. Samfefa mafi laushi tana gyara ƙaramin tabo.

Abin da ya wuce nan na mai gyara ne. A keken mota, tazarar da ke tsakanin bakin ƙugiya da allura ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma dole su haɗu daidai lokacin da allura ta taso kamar milimita 2. In sabuwar allura tana bugun ƙarfe, ko bakin ƙugiya ya guntule, kira shi, ka ajiye masa ƙyallen gwajin nan mai ja da fari tare da ƙoshiyar da kake aiki da ita.