Yadda ake bin sawun makamashi bayan karon furoton

Idan furoton biyu suka yi karo a LHC, injin gwara ƙwayoyi na cibiyar binciken CERN, da makamashin TeV 13.6 (TeV da GeV ma'aunan makamashi ne, TeV ɗaya GeV 1,000 ne), ainihin masu gwabzawa su ne kwak ko gulon (ƙananan ƙwayoyin da ke cikin furoton) guda daga kowane ɓangare. Wanda aka cillo waje ba ya isa na'urar awo shi kaɗai. Da farko yakan yi ta zubar da gulon, akasari dab da hanyarsa. Daga nan ƙaƙƙarfan ƙarfin da ke ɗaure kwak sai ya miƙe kamar igiya, yana tara kusan GeV 1 a kowane femtomita (tsayi kwatankwacin girman furoton), har ta tsinke ta haifar da sabbin ƙwayoyi. Abin da na'ura ke gani feshin waɗannan ƙwayoyi ne, aikinka kuwa shi ne ka tattaro shi don gano makamashin da kwak ɗin ya fito da shi.

Ka fara da rarrabe ƙwayoyin. Sama da kashi 60 cikin ɗari na makamashin feshi yana tare da masu caji, ana kuma auna su daga yadda sawunsu ke lanƙwashewa a filin maganaɗisu, wanda a CMS, ɗaya daga na'urorin awon LHC, ya kai tesla 3.8. Kusan rubu'i foton ne (ƙwayoyin haske) daga rugujewar wata ƙwaya mai suna fayon marar caji. Ragowar, wajen kashi 10, hadaron ne (ƙwayoyin da aka gina da kwak) marasa caji, su ne ma suka fi wuyar aunawa. Ka kula: fayon mai caji yana barin sawu, ya kuma sauke makamashi a kalorimita, sashen da ke shanye ƙwayoyi ya auna makamashinsu. In ka haɗa duka biyun, ka ƙirga shi sau biyu ke nan.

Sai tattarawa. Tsarin anti-kT na 2008, dabarar lissafi mai haɗa ƙwayoyin da ke kusa da juna cikin da'ira, shi aka saba amfani da shi, da faɗin da'ira R na 0.4. Nan ne ya kamata a natsu. In ka matse da'irar, gulon da suka bauɗe za su faɗa waje, awonka ya gaza. In ka buɗe ta, sai ka kwaso tarkacen da ba na feshin ba, yawansa kuma yana bin girman filin: ninka R sau biyu, tarkace ya ninku huɗu. Kada kuma ka yi wa feshin kwak da na gulon kuɗin goro. Gulon ya fi kwak zubar da 'yan'uwansa da ninki 9/4, saboda haka feshinsa ya fi faɗi, ƙwayoyinsa sun fi yawa, kowacce da ɗan rabonta kaɗan.

Akwai kuma cunkoso. Duk nanosakan 25 dunƙulen furoton na giftawa, karo kusan 60 na faruwa lokaci guda. Ka zubar da duk sawun da bai taso daga mahaɗar karonka ba. Marasa caji ba su da sawu, don haka ka auna matsakaicin makamashin da ya bazu ko'ina, ka ninka da filin feshin, ka debe.

Don gwada awonka, ka nemi karon da feshi ɗaya ya fita gefe, foton ko wata ƙwaya mai nauyi marar caji da ake kira Z ta fita ɗaya gefen. Turinsu a kaikaice ya kamata ya daidaita. In na feshin ya gaza, ka fara zargin ƙarancin R. In kuwa feshin na kwak b ne (wani nau'in kwak mai nauyi), mai yiwuwa niyutirino, ƙwayar da na'ura ba ta iya kamawa, ya sulale da wani kaso ba tare da ya bar alama ba.