Yadda Ake Ɗaukar Hoton Furannin Jeji da Ƙadangaru Daga Kusa a Kumasi

Lokacin fita ya fi tsadar kyamara muhimmanci. A Kumasi rana na fitowa wajen ƙarfe 6, kuma daga nan zuwa 8:30 ne ake samun abu uku a haɗe: haske mai laushi, iska a kwance, ga ƙadangaru jikinsu bai yi ɗumi ba, suna shan hantsi ba sa saurin gudu. Furen balasa, shuɗin nan na bakin kwata, kafin azahar ya yanƙwane. Wanda ya makara sai gobe.

Lambun tsirrai na jami'ar KNUST da dajin Owabi suna da kyau, amma tsohuwar katanga a Aboabo ko Asawase ba ta rasa jan gwada. Furanni sun fi yawa da damina, daga Afrilu zuwa Yuli.

In kana da gilashin makro, wato gilashin kyamara na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, na milimita 90 zuwa 105, sa buɗewarsa a f/8 ko f/11 (ƙaramar lamba, babbar buɗewa). Daga kusa, abin da ke fita tar bai wuce 'yan milimita ba, don haka f/2.8 zai ba ka hancin ƙadangare, ido kuwa ya dushe. Kullum ido ake saitawa. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa, ga kulɓa mai zillo a kai 1/500. In hoton ya yi duhu, ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, zuwa 800, don ɗan ƙuraje a hoto ya fi hoton da ya girgiza. Mai waya ya yi amfani da zuƙowa ta 2x ko 3x daga ɗan nesa, kada ya cusa wayar har inuwarta ta rufe furen.

Kwanta ko durƙusa har idonka ya yi daidai da na dabbar. Taku ɗaya, ka tsaya, ka sake. Jan gwada yakan koma kan dutsen da ya saba, saboda haka in ya gudu, zauna ka jira shi, kada ka bi shi. Kada a kama kulɓa ko tsaka, suna yar da wutsiya. Hawainiya kuma in ta tsorata sai ta yi duhu, launin da kake nema ya tafi.

Ga fure, babbar matsala iska ce. Kafa kwali ta gefen da take busowa. Rana in ta yi tsanani, farar lema a sama tana kashe ƙyalli.

Sa takalmi rufaffe, kuma kada ka tura hannu ƙarƙashin dutse ko busassun ganye. Kumurci na iya tofa dafi cikin ido daga nisan mita 2.

In ka dawo, goge kayan ka ajiye su a mazubi mai murfi tare da ƙunshin silika mai tsotse danshi, domin danshin Kumasi na sa gilashi ya yi fumfuna daga ciki, kuma cire ta sai mai gyara.