Yadda Ake Karanta Sakamakon Gwajin Jinin Tairod

Tairod ƙwaya ce da ke gaban wuya, wadda kumburinta ne muke kira maƙoƙo. Ita ke daidaita bugun zuciya, ɗumin jiki da saurin sarrafa abinci. Idan kun karɓo takarda daga ɗakin gwaji, ga yadda za ku bi ta.

Ku fara da TSH, sinadarin da ke ba tairod umarnin aiki. Yawanci lafiyayyen adadinsa 0.4 zuwa 4.0 mIU/L ne, amma ku yi aiki da iyakar da aka buga a takardarku. Nan mutane ke rikicewa, domin a juye ake karanta shi. Wata ƙwaya ce a ƙasan ƙwaƙwalwa ke fitar da TSH don ta zaburar da tairod. Idan tairod ta yi kasala, TSH ya hau. Idan ta zarce da aiki, ya faɗi.

Sai ku haɗa shi da FT4, sinadarin da tairod kanta ke fitarwa, wanda galibi ke tsakanin 12 zuwa 22 pmol/L. TSH sama, FT4 ƙasa: raunin tairod ne, mai zuwa da gajiya, jin sanyi, ƙiba da taurin bayan gida. TSH ƙasa, FT4 ko FT3 (ɗaya sinadarin na tairod) sama: aiki ya yi yawa, ga rama duk da cin abinci, zufa, rawar hannu da faɗuwar gaba. TSH ya ɗan hau, FT4 lafiya: a maimaita bayan wata 2 zuwa 3, kuma galibi sai TSH ya wuce 10 ake fara magani. Idan duka biyun sun sauka, a binciki ƙwayar ƙwaƙwalwar nan, musamman ga macen da ta zubar da jini sosai wurin haihuwa, nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke.

Mataki na uku shi ne gano sanadi. Anti-TPO da TRAb sinadaran garkuwar jiki ne da ake aunawa a jini. Anti-TPO mai yawa na nuna cutar Hashimoto, inda garkuwar jiki ke lalata tairod sannu a hankali. TRAb kuwa alamar cutar Graves ce: garkuwar ke ingiza tairod, har idanu kan yi tsuru-tsuru su fito. Amma anti-TPO kaɗai ba ya wajabta magani. Da yawa suna da shi alhali TSH ɗinsu daidai yake. Su sai dai bibiya duk shekara.

Kafin ku tayar da hankali, ku tambayi abin da ka iya ɓata gwajin. Ƙwayar biotin da ake sha don gashi takan sa sakamako ya yi kama da na Graves, don haka a dakatar da ita kwana 2 zuwa 3 kafin ɗibar jini. Zazzaɓi mai tsanani ma yakan jirkita lambobin, haka farkon ciki yakan saukar da TSH.

Mai shan levothyroxine, maganin raunin tairod, ya sha da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, ko kafin sahur lokacin azumi. Ya bar awa 4 tsakaninsa da maganin ƙarin jini ko kalsiyam, domin suna hana shi shiga jiki. Bayan canza adadi, sai mako 6 zuwa 8 a sake gwaji. Mace mai shan sa ta ga likita da zarar ta san tana da ciki, don ana buƙatar ƙari. Mai shan carbimazole kuwa, maganin rage aikin tairod, idan zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka kama shi, ya dakatar a ranar, ya je a ƙirga fararen ƙwayoyin jininsa, domin maganin na iya rage su.