Ga ƙannena masu zuwa karatun likita a Zagreb, babban birnin Kuroshiya

Ku gama da takardu tun kafin a buɗe makaranta. Ku karɓi lambar OIB, wato lambar shaidar mutum ta Kuroshiya, mai alƙaluma 11, domin ba a buɗe asusun banki sai da ita, sannan ku je wajen 'yan sanda neman izinin zama. Kuɗin Kuroshiya yuro ne tun Janairun 2023. Na matsa muku a kan gaggawa ne saboda da zarar an fara darasin sassan jiki, wato anatomi, ba ku da sauran lokacin bin layi.

Makarantar tana kan tudun Šalata, kuma da sanyi matakalar hawa kan yi santsi, don haka ku nemi takalmi mai kama ƙasa. An kafa ta a 1917. Farfesa Drago Perović, wanda ya yi karatu a Biyana ta ƙasar Ostiriya, shi ya gabatar da darasin farko a Janairun 1918, kuma sunansa ne a kan sashen anatomi har yau. Wadda ta gaje shi, Farfesa Jelena Krmpotić-Nemanić, an haife ta a 1921, ta rasu a 2008. Likitar kunne, hanci da maƙogwaro ce, ta kuma shafe shekaru tana nazarin ƙasusuwan kai. Ta nuna cewa idan mutum yana tsufa, ƙashi kan ƙaru a 'yan ƙofofin da jijiyar ji ke ratsawa, ya matse ta. Ranar da na karanta wannan sai na tuna kakata, da yadda sai an ɗaga murya take amsa sallama. Tun daga nan na daina yi wa ƙoƙon kai kallon abin hadda kawai.

Ɗakin gawa kuwa, gara ku ji tun yanzu. Mu da muka saba a yi wa mamaci wanka, a sallace shi, a kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, ganin gawa a kan tebur ba ƙaramin abu ba ne. Ranar farko warin fomalin, maganin da ake adana gawa da shi, ya sa idona hawaye, hannuna na rawa cikin safar roba, daren nan ban ci abinci ba. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne sanin cewa akwai masu ba da jikinsu da kansu, tun suna raye, don a koya. Kada ku ɗauki hoto, kada ku yi raha a wurin. In zuciyarku na wasiwasi kan hukuncin abin, ku tambayi malami a babban masallacin Zagreb, wanda aka buɗe a 1987. A can za ku ji inda ake sayar da naman halal.

Sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da Latin ake haddace su, kuma akwai jarrabawar baka, gaba da gaba da malami. Ku samu abokin tilawa tun makon farko, kuna riƙe ƙashin a hannu kuna faɗin sunan kowane lungu da babbar murya.