Yadda Za Ka Fitar da Bayanan Bincike Ba Tare da Tona Asirin Kowa Ba

Kafin ka ɗora bayanan bincikenka a intanet, koma kan takardar amincewar da mutane suka sa wa hannu, domin abin da ba su yarda a yaɗa ba amana ce a hannunka. Goge suna kaɗai bai wadatar ba, tunda a ƙaramin ƙauye shekaru da sana'a da irin ciwo sun isa a gane mutum. Saboda haka ka mayar da shekaru rukuni-rukuni, ka rubuta jiha maimakon ƙauye.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba bayanan lafiya da addini da ƙabila kariya ta musamman. Irin waɗannan ka killace su, kada kowa ya gani sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike.