Kurakuran da yaranmu ke maimaitawa wajen neman gurbi da tallafin karatu a Amurka

Duk shekara da zarar Oktoba ta kama sai wayata ta hana ni sakat. Wannan ɗan maƙwabci ne, waccan ƙanwar aboki ce, wani ma ban san inda ya samo lambata ba, kowa yana so in duba masa fom ɗinsa na Common App, wato fom ɗin neman gurbi da jami'o'in Amurka da yawa ke karɓa. Kuma kusan dukkansu a kan dutse ɗaya suke tuntuɓe, dutsen da ni ma na fasa yatsa a kansa. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta.

A cikin fom ɗin akwai wata 'yar tambaya: shin za ka nemi tallafin kuɗi? Ni a lokacina a'a na danna. Wani kawuna da ya taɓa zuwa kwas a waje ne ya ce mini, "Kai dai samu shiga tukuna, wanda ya shiga gida ai ba ya rasa tabarma." Ƙarshen Maris takardar ɗauka ta zo, Inna har da guɗa, aka yi ta kiran dangi. Bayan mako biyu lissafin kuɗi ya biyo baya, adadin da ko an sayar da gidanmu ba zai biya shekara biyu ba. Na rubuta wa ofishin tallafinsu doguwar wasiƙa mai ban tausayi. Amsar layi biyu ce: ɗalibin ƙasar waje da bai nemi tallafi tare da neman gurbi ba, ba shi da damar nema har ya gama. Haka na zauna shekara guda a gida, ina gaisawa da mutanen da suka riga suka yi mini Allah ya kiyaye hanya.

Ba wai kawu ya yi ƙarya gaba ɗaya ba ne. Yawancin jami'o'in Amurka masu zaman kansu suna leƙa aljihun baƙo kafin su ɗauke shi, domin kuɗin da suka ware wa 'yan ƙasashen waje ƙayyadadde ne, kuma tare da ɗauka ake raba shi. Neman tallafi yana rage maka dama, ba musu. To amma gurbin da ba za ka iya biya ba, me za ka yi da shi? Ka rataye a falo? Akwai 'yan tsiraru da ba sa duba aljihu, kuma in sun ɗauke ka sai su cike duk giɓin da iyayenka suka gaza, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, sai Dartmouth da Bowdoin da suka bi sahu a 2022. Sai dai Harvard ba ta ɗaukar ko biyar cikin ɗari na masu nema, don haka wanda ya jera waɗannan kaɗai ya koma ya kwanta, caca ya yi. Ni yanzu yaro ba ya barin wajena sai ya haɗa da ƙananan kwalejoji da sunansu bai yi amo a nan ba amma suna da hannun kyauta. Kwalejin Berea da ke Kentucky, alal misali, ba ta karɓar kuɗin koyarwa daga ɗalibanta.

Na biyu, wanda ya fi ba ni haushi: murna kafin lissafi. Yaro zai kira ni yana haki, an ba shi dala 25,000 a shekara. Madalla, nawa ne jimillar? Shiru. A manyan jami'o'i masu zaman kansu, in aka haɗa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da inshorar lafiya da littattafai, shekara ɗaya takan haura dala 80,000. Ragowar wa zai biya? Makaranta ba za ta ba ka takardar I-20 (shaidar da ake neman bizar karatu da ita) ba sai ka nuna inda kuɗin shekarar farko zai fito, kuma ba I-20 ba biza. Kada wani ya ce mini zai yi aiki ya cike. Bizar ɗalibai ta F-1 awa 20 a mako ta yarje maka lokacin karatu, cikin harabar makaranta, abin da bai wuce na sabulu da katin waya ba. Ga dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje, ga 185 na biza, ga tikitin jirgi. Ni takarda da biro nake miƙa wa yaro, ya cire tallafin daga jimilla, ya juya ragowar zuwa naira a gabana. Nan take hakin yake tsayawa.

Fom ɗin CSS Profile kuwa, wanda ake bayyana samun iyaye a cikinsa don neman tallafin makaranta, ku daina cika shi ku kaɗai a shagon intanet. Ku zauna da mahaifi. In ɗan kasuwa ne marar takardar albashi, a rubuta gaskiyar abin da ke shigowa, a kuma yi amfani da gurbin ƙarin bayani a faɗi bakuna nawa yake ciyarwa. Mai karantawa a can ba zai taɓa zato ba cewa mutum ɗaya ne ke riƙe da mutum goma sha biyar sai an gaya masa. Ƙara da ragi duk suna dawowa su ci mai su ranar da aka nemi shaida.

FAFSA, takardar neman tallafin gwamnatin Amurka, ba taku ba ce, ta 'yan Amurka ce da masu izinin zama na dindindin. Jami'o'in jihohi ba kasafai suke ba baƙo tallafin buƙata ba. Early Decision, wato neman gurbi da wuri a makaranta ɗaya, alkawari ne, in an ɗauke ka dole ka janye daga sauran. Wasiƙar shaida daga malamin da ya koyar da kai ake so, ta ɗan majalisar unguwarku ba ta da amfani. Dillalin da ya ce ka biya ya samo maka gurbi, ka riƙe kuɗinka ka nemi masu ba da shawara na EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka kan karatu a can, a Abuja ko Legas. Dokokin biza kuma sun yi ta juyawa tun 2025, a duba matsayin ƙasarku kafin a kashe ko sisi.

Sai suna. Bara na duba takardun wani yaro, fasfo ya ce Muhammad, WAEC ta ce Mohammed, sakamakon jarabawar SAT kuma Muh'd. Makarantar ta kasa haɗa su a fayil ɗaya, muka kwashe mako uku muna aika saƙo kafin su yarda mutum ɗaya ne.